Tsakuwar yawu: Yadda ake cire ta ta cikin baki ba tare da yanka wuya ba

Kumburin da ke tasowa a ƙarƙashin muƙamuƙi ko a gaban kunne da zarar mutum ya fara cin abinci, sa'an nan ya sace bayan sa'a ɗaya ko biyu, alama ce da likitoci suka daɗe da sani ta toshewar hanyar yawu.

Galibi wata 'yar tsakuwa ce kan tokare hanyar. A da, idan tsakuwar ta yi nisa ciki, babu abin da ake yi illa a yi tiyata a cire maɓuɓɓugar yawun gaba ɗayanta.

To amma tun daga farkon shekarun 1990 aka samo wata hanya ta zura siririn bututu mai kyamara ta cikin baki, a leƙa magudanar yawun, a jawo tsakuwar, a bar maɓuɓɓugar ta ci gaba da aikinta. Likitoci na kiran wannan aiki sayalendoskofi.

Ga mazauna ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa a gabashin jihar Sakkwato, inda zafi ke da tsanani, asibitin ƙwararru ke da nisa, hanya kuma ba ta da tabbas, sanin wannan lalura da wuri na iya raba mutum da tiyata, ko da nakasar fuska.

Daga ina yawu ke fitowa?

Baligi kan samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a kowace rana. Yawun nan, wanda wasu ke kira miyau, shi ke jiƙa abinci, ya fara narkar da shi, ya kuma kare haƙora daga ruɓewa.

Manyan maɓuɓɓugan yawu guda shida ne, uku a kowane ɓangare na fuska. Mafi girma tana gaban kunne. Ta biyu tana ƙarƙashin muƙamuƙi, ta uku kuma, wadda ita ce ƙarama, tana ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ɗaruruwan ƙanana da ke warwatse a leɓɓa da kumatu da ganɗa.

Kowace daga cikin manyan biyun na farko tana da magudana guda da ke kai yawu cikin baki. Ta gaban kunne tana ɓullowa ne a cikin kunci, daura da turmin haƙori na biyu na sama. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, Niels Stensen, shi ya gano ta a shekarar 1660 lokacin da yake feɗe kan tunkiya a birnin Amsterdam.

Ta ƙarƙashin muƙamuƙi kuwa, wadda likitan Ingila Thomas Wharton ya bayyana a shekarar 1656, tsawonta ya kai kimanin santimita 5, kuma tana ɓullowa ne a ƙasan harshe, bayan haƙoran gaba na ƙasa. Bakinta bai wuce rabin milimita ba.

Me ke toshe hanyar?

Babban dalili shi ne tsakuwa. Sinadarin kalsiyam da ke cikin yawu ne ke daskarewa a kan wani ɗan gudan majina ko matattun ƙwayoyin halitta, yana taruwa sannu a hankali har ya zama dutse. An ƙiyasta cewa tsakuwar kan ƙaru da kimanin milimita ɗaya a shekara. Wata ba ta fi ƙwayar gero ba, wata kuma takan kai ƙwallon dabino.

Kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na irin wannan tsakuwa a maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi ake samun ta. Dalili kuwa shi ne yawun da take fitarwa ya fi kauri, ya fi yawan kalsiyam, kuma magudanarta doguwa ce mai lanƙwasa wadda ke tura yawu sama, ba ƙasa ba.

Lalurar ta fi kama mutane masu shekaru 30 zuwa 60, ba kasafai ake ganin ta ga yara ba. Abubuwan da ake dangantawa da ita sun haɗa da ƙarancin ruwa a jiki, da shan taba, da magungunan da ke busar da baki, kamar wasu magungunan mura da na hawan jini masu sa yawan fitsari.

Ba tsakuwa kaɗai ke toshe hanyar ba. Magudanar na iya tsukewa sakamakon kumburin da ya yi ta maimaituwa, abin da aka fi gani a maɓuɓɓugar gaban kunne. Haka nan akwai yaran da kuncinsu ke yawan kumbura lokaci zuwa lokaci ba tare da tsakuwa ba, da masu cutar da garkuwar jiki ke far wa maɓuɓɓugan yawu da na hawaye, da kuma waɗanda aka bai wa aidin mai ƙarfin nukiliya domin maganin ciwon daji.

Yaya ake gane ta?

Alamar da ta fi fitowa fili ita ce alaƙar ciwon da abinci. Da mutum ya ji ƙanshin abinci ko ya kai loma baki, maɓuɓɓugar sai ta kwararo da yawu. Yawun ya rasa mafita, wurin ya kumbura ya yi zogi. Abu mai tsami, kamar kunun tsamiya ko zoɓo ko lemun tsami, ya fi tayar da shi. Mai azumi yakan wuni lafiya, sai a lokacin buɗa-baki kumburin ya taso.

Galibi gefe ɗaya ne ke kumbura. Yana iya ɓacewa na makonni ko watanni, abin da kan sa mutum ya ɗauka ya warke.

Idan yawu ya daɗe a tsaye, ƙwayoyin cuta kan shiga. A nan ne kumburin ke ƙin sacewa, wurin ya yi ja da zafi, zazzaɓi ya rufe mutum, wani lokaci mugunya ta riƙa fitowa ta ƙasan harshe.

Likita kan fara ne da sa yatsa ɗaya cikin baki, ɗaya hannun a ƙarƙashin haɓa, domin ya laluba tsakuwar. Daga nan sai hoto. Hoton eksire yana nuna mafi yawan tsakuwar ƙarƙashin muƙamuƙi, amma yakan tsallake da yawa daga cikin na gaban kunne. Sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, yana iya gano tsakuwar da ta wuce kimanin milimita 2. Hoton kwamfuta da ake kira siti sikan ya fi su duka nuna girmanta da inda take.

Ba kowane kumburi ne tsakuwa ba

Hangum, wanda ya fi kama yara, shi ma yana kumbura gaban kunne, sai dai yakan zo da zazzaɓi, sau da yawa ya kama ɓangarorin biyu, ya bi yaran gida ɗaya bayan ɗaya, ya kuma wuce cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Ruɓaɓɓen haƙori na iya tara mugunya a ƙarƙashin muƙamuƙi. Kaluluwar wuya na iya tasowa saboda ciwon maƙogwaro ko tarin fuka.

Ƙullutun da ke girma a hankali ba tare da ciwo ba, wanda ba ruwansa da lokacin cin abinci, yana iya zama ƙari. Akasarin ƙarin da ke fitowa a maɓuɓɓugar gaban kunne ba ciwon daji ba ne, amma wasu ciwon daji ne, musamman idan gefen fuska ya fara sakewa.

Ga ƙananan yara a wannan yanki akwai wata cutar da ya wajaba a sani, wato noma. Takan fara ne da gyambo a dasashi, da warin baki, da kumburin kunci, ga yaro mai fama da rashin abinci mai gina jiki, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya cinye naman fuska. Akwai asibiti na musamman domin wannan cuta a birnin Sakkwato tun shekarar 1999, kuma a watan Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Yaron da ke da waɗannan alamu ba a kwana da shi a gida.

Yadda ake yi a da

Tsakuwar da ke kusa da bakin magudana ba ta da wuyar cirewa. Likita kan yi allurar kashe zafi, ya ɗan tsaga ƙasan harshe ya fito da ita. Har yanzu ana yin haka, kuma yana aiki.

Matsalar ita ce tsakuwar da ke can ciki. A irin wannan hali akan yanka wuya a ƙarƙashin muƙamuƙi a cire maɓuɓɓugar. Mutum na iya rayuwa lafiya ba tare da ita ba, domin sauran za su ci gaba da samar da yawu.

Sai dai tiyatar na tattare da haɗari. Kusa da maɓuɓɓugar ƙarƙashin muƙamuƙi akwai jijiyar da ke motsa leɓen ƙasa, da wadda ke sa harshe ya ji taɓi da ɗanɗano, da wadda ke motsa shi. Ita kuwa ta gaban kunne, jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyarta ta ratsa. Idan aka taɓa ta, baki na iya karkacewa ko ido ya ƙi rufuwa, na ɗan lokaci ko na dindindin. Ga kuma tabo a wuya ko a fuska.

An daɗe ana zaton cewa maɓuɓɓugar da ta toshe ta riga ta lalace. Daga baya bincike ya nuna cewa da yawa daga cikinsu kan farfaɗo idan aka buɗe hanya. Wannan ne ya ƙarfafa neman hanyar cire tsakuwar kaɗai.

Yadda sabuwar hanyar ta samo asali

A farkon shekarun 1990 likita Philippe Katz a birnin Paris na Faransa, da wasu likitoci a Jamus, suka ba da rahoton leƙa magudanar yawu da bututun da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba.

A shekarun da suka biyo baya Oded Nahlieli a Isra'ila, da Francis Marchal a birnin Geneva, da Heinrich Iro da Johannes Zenk a birnin Erlangen na Jamus, suka inganta kayan aikin, suka tsara yadda ake amfani da su. Kamfanin Karl Storz na Jamus na daga cikin masu ƙera su.

Bututun da ake amfani da su a yau kaurinsu na tsakanin milimita 0.8 zuwa 1.6. A cikin wannan ɗan siririn abu akwai zaren da ke kai haske, da wanda ke dawo da hoto zuwa allon talabijin, da kafar tura ruwa. Manya daga cikinsu suna da ƙarin kafa ta zura kayan aiki.

Yadda ake yin aikin

Ana iya yin sa da allurar kashe zafi a wurin kaɗai, ko kuma a sa mutum barci, gwargwadon girman tsakuwar da inda take.

Matakin farko, wanda sau da yawa shi ne mafi wuya, shi ne gano bakin magudanar da faɗaɗa shi a hankali da wasu 'yan sandunan ƙarfe, daga siriri zuwa mai ɗan kauri.

Daga nan sai a zura bututun ana tura ruwan gishiri. Ruwan ne ke buɗe magudanar, wadda a rufe take idan babu yawu a ciki, ya kuma wanke majina. Likita na kallon allo yana bin hanyar har rassanta na cikin maɓuɓɓugar.

Idan aka iske tsakuwa, akan zura wani ɗan kwandon waya a naɗe, a wuce da shi bayanta, a buɗe shi, a kamo ta, a jawo su tare. Wannan na yiwuwa ne ga tsakuwar da ba ta wuce kimanin milimita 3 zuwa 4 ba, wadda kuma ba ta manne da bangon magudanar ba.

Wadda ta fi haka girma sai an farfasa ta tukuna, ko dai da hasken lesa ta cikin bututun, ko da na'urar da ke aika girgiza daga waje, irin wadda ake fasa tsakuwar ƙoda da ita. Idan kuma babba ce ƙwarai, akan haɗa hanyoyi biyu: hasken bututun ya nuna daidai inda take, likita ya yi 'yar tsaga a wurin ya fito da ita, ba tare da cire maɓuɓɓugar ba.

Inda magudanar ta tsuke, akan buɗe ta da 'yar balan-balan ko sandar faɗaɗawa, wani lokaci a bar ɗan bututun roba a ciki na wasu makonni don kada ta sake rufewa. Ga yara masu yawan kumburin kunci, wanke magudanar kaɗai na rage yawan tasowar ciwon.

Galibi mutum kan koma gida a ranar. Wurin yakan kumbura na kwana ɗaya ko biyu saboda ruwan da aka tura.

Nasara da haɗari

Rahotannin da aka tattara daga asibitoci daban-daban sun nuna cewa ana samun nasarar kawar da toshewar ga fiye da kashi 80 cikin 100 na marasa lafiya, kuma ƙalilan ne daga cikinsu ke kaiwa ga cire maɓuɓɓugar daga baya.

Duk da haka aikin ba ya rasa matsala. Magudanar na iya hujewa, ko ta tsuke bayan an gama, kwandon na iya maƙalewa tare da tsakuwar, harshe na iya yin dundumi na ɗan lokaci, tsakuwa kuma na iya sake fitowa. Ba a yin sa lokacin da wurin ke cike da mugunya, sai an fara kashe ƙwayoyin cutar.

Akwai kuma batun tsada. Bututun na da saurin lalacewa, tsabtace shi na buƙatar kulawa ta musamman, likita kuma sai ya samu horo na daban. Shi ya sa aikin ya fi yawa a manyan cibiyoyin Turai da Amurka da Asiya, kuma ko a can ba kowane asibiti ke yin sa ba.

Halin da ake ciki a ƙasar Gobir

Sabon Birni da Isa na cikin tsohuwar ƙasar Gobir, wadda babban birninta Alƙalawa ya faɗa hannun masu jihadi a shekarar 1808. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Sabon Birni, wadda ke iyaka da jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, na da mutum sama da 200,000, Isa kuma kusan 150,000.

A watannin Maris zuwa Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40. Manoman fadamun Gulbin Rima, da makiyaya, da masu bin kasuwannin ƙauye, kan wuni suna gumi ba tare da shan isasshen ruwa ba. Daga shekarar 2021 zuwa 2024 azumin Ramadan ya faɗo ne a tsakiyar wannan bazara. Ƙarancin ruwa na sa yawu ya ragu ya yi kauri, kuma a irin wannan yanayi ne tsakuwar da ta daɗe a ɓoye kan bayyana.

Garuruwan biyu na da babban asibiti na gwamnatin jiha, inda za a iya duba mutum, a ba shi maganin ƙwayoyin cuta, a rubuta masa takardar turawa gaba. Amma likitocin kunne, hanci da maƙogwaro, da na tiyatar baki da muƙamuƙi, waɗanda wannan aiki nasu ne, sai a manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 100. Nesa da nan akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya.

Rashin tsaro ya ƙara wa tafiyar nauyi. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Disamban 2021 aka ƙona matafiya a cikin mota a yankin. A watan Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, kuma ya rasu a hannun masu garkuwa da shi a watan Agusta. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi tun daga shekarar 2019.

A irin wannan hali, ciwon da ke zuwa ya tafi shi ake fara jinkirtawa. Sai dai jinkirin na da illa a wannan lalura, domin tsakuwar da za a iya kamowa da kwando a bana tana iya fin ƙarfinsa bayan 'yan shekaru, kuma kowane tasowar mugunya na barin tabo a cikin maɓuɓɓugar.

Wani haɗarin shi ne sakiya ko tsaga a wurin wanzami. Huda kumburin gaban kunne na iya yanke jijiyar fuska, ko ya bar kafar da yawu zai riƙa ɗiga ta fata. Haka nan sayen maganin ƙwayoyin cuta a kemis duk lokacin da ciwon ya taso yana kwantar da mugunya ne kawai, tsakuwar na nan inda take.

Abin da mutum zai iya yi

Ƙaramar tsakuwa kan fita da kanta idan aka taimaka mata. Likitoci na ba da shawarar shan ruwa da yawa, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da shafa shi a hankali daga baya zuwa gaba, da tsotsar abu mai tsami kamar lemun tsami ko tsamiya domin yawu ya tura ta waje. Idan tsamin na ƙara ciwon ƙwarai, sai a dakata. Mai azumi ya yawaita shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina da kansa, ya dai shaida wa likita cewa bakinsa na bushewa.

Idan kumburin ya yi ta dawowa, ko ya wuce 'yan kwanaki bai sace ba, sai a nufi asibiti a nemi a yi sikanin. Wanda aka tura Sakkwato zai rage wa kansa zirga-zirga idan ya tafi da takardar turawa, da duk hotunan da aka ɗauka, da kwalayen magungunan da yake sha. Yana da kyau ya tambayi likita girman tsakuwar, da inda take, da ko za a iya cire ta ta cikin baki a bar maɓuɓɓugar.

Akwai alamun da ba sa jira ko da na kwana ɗaya: zazzaɓi mai zafi tare da kumburin da ke bazuwa zuwa wuya, ko harshe ya ɗago sama, ko haɗiya ta gagara, ko numfashi ya fara wuya. Waɗannan na nufin mugunya ta shiga ƙasan baki, kuma tana iya toshe hanyar iska cikin sa'o'i kaɗan. Mai irin wannan hali a kai shi asibiti mafi kusa nan take.